A Fitar Mini Da Batura Daga Ɗakina

Zuwa ga Injiniya Bashir,
Sakataren Kwamitin Gyaran Wuta na gidan marigayi Malam Haruna,
Tudun Wada, Gusau.

Ta hannunka zuwa ga mai girma Shugaban Kwamiti, wato babanka.

A karanta wa duk zuri'ar gidan nan, na Gusau da na Tsafe da na Bungudu, har da waɗanda suke nesa suna leƙen gida ta waya.

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici, kai da duk mai karanta wannan takarda. Wane abu ne ranar da aka kawo shi ni aka yi wa barka, aka raba goro a kansa, yau kowa a Gusau yana ɗauka ya yi amfani da shi, mai gadi da mai nama da ɗan acaba, har an rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin kwalayen da mota ta sauke a ƙofar gidan nan, amma ni kaɗai ban taɓa ɗaukarsa ba? Kada wani ya ce mini ba a yin kacici-kacici da rana. Tun da kuka ɗora sola a gidan nan ba mai iya raba dare da rana. Ku riƙe shi a ranku, mu je ga magana.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka da 'ya'yanka, da kuma batura, tunda yanzu a gidan nan in ba a tambayi lafiyarsu ba gaisuwa ba ta cika ba.

Ni ce kakarka Hajiya Tumba, wadda kuke ce wa Inno, uwar babanka, haifaffiyar Kucheri ta ƙasar Tsafe. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci na mata. In ka ga harafi ya karkace ka bar shi yadda yake, kada ka gyara mini ko ɗigo. Na ga yadda gyaranka yake ƙarewa.

Saboda jikokin da suka tashi a birane, bari in faɗi abin da ya sa na bi ta kanka. Babanka ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta duban idonsa ta ce ina so ko ba na so. Haka na tarar uwata tana yi, haka na yi, kuma ban ga aibinsa ba. Kai kuwa jika ne, mijina na wasa, ragon miji wanda bai taɓa kawo mini cefane ba. Kai ina iya wanke ka tas a gaban kowa, ba mai cewa na yi laifi. Don haka ka buɗe kunne, ka ji naka, ka kai masa nasa.

Na ɗaya. Ban zo in ɓata aikinku ba. Ina nan lokacin da gidan nan yake hannun wutar gwamnati, a kawo ta kamar an leƙo a gaishe mu, a ɗauke kafin ruwan shayi ya tafasa. Ina nan aka sayo tsohon janareto mai tarin nan, wanda sai ƙato ya ja igiya ya yi gumi kafin ya yarda ya tashi. Ina nan aka ɗora ƙaramar sola ta farko, wadda in an jona mata dutsen guga sai ta yi kuka ta suma. Gida ya girma, sassa sun yi yawa, kowane sashe da firji da talabijin, ga injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Da kuka kafa kwamiti bayan Sallar layya ta bara, kuka ce za a yanke wayar gwamnati gaba ɗaya, a ƙaro farantai a kan rufi, a kawo sababbin batura da babbar inbata, wato akwatin nan mai raba wuta, da sabon janareto, ni ce na fara rangaɗa guɗa a tsakar gida. Ku tambayi matan gida. Yau ruwa ba ya yankewa, nama ba ya lalacewa, jarirai suna barci ba ƙurajen zafi. Allah ya saka muku da alheri. Na faɗi wannan ne don kada a ce tsohuwa ba ta da godiya. To, an gama yabo. Gyara zama.

Na biyu. Mai haɗa solar da kuka ɗauko, Malam Nura. Da ya ce mini shi mutumin Tsafe ne na ce ashe ɗan gida ne, na dama masa fura da hannuna, da kindirmo mai kyau. Ya sha ya suɗe ludayi. Sannan ya tashi yana bin ɗakuna da wata 'yar na'ura kamar bindigar wasan yara, yana nuna bango yana auna zafi. Ya shiga falon babanka ya girgiza kai. Ya leƙa sito ya fito yana fifita da hula. Da ya dawo ɗakina don ya mayar da ƙwarya, sai ya tsaya a tsakiya. Ya ɗora tafin hannu a bango, ya ɗaga kai ya dubi azara. Da kunnena na ji ya ce maka, "Injiniya, ai ga wuri nan. Wanga ɗaki ko bazara ba ta san da shi ba. Batura in sunka samu nan, sun more."

Ni kuma baiwar Allah na ɗauka yabo ne. Har na saki baki ina ba shi labari, cewa kakanka ne ya sa aka gina shi kafin a kawo ni, da jar ƙasa da aka bari ta kwana ta ruɓa da ciyawa, cewa kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a kai, cewa ruwan randata ko a tsakiyar bazara sai ya kama haƙori. Ashe talla nake yi wa ɗakina ban sani ba.

Ɗakin nan, Bashir, shi kaɗai ya rage na ƙasa a duk gidan. A cikinsa aka yi mini jere. A cikinsa na haifi duk ƙannen babanka. Ƙofarsa tana kallon tsakar gida, ina zaune a bakin gado nake ganin wanda ya shigo da wanda ya fita, wadda ta fara tsirtar da yawu, da wadda ta ajiye wa miji kwano da ƙarfi. Duk labarin da nake ba ku kuna dariya, daga wannan ƙofar nake tsinto shi. Kai kanka a nan ka koyi tafiya, kana dafa wannan bangon, kana ƙwaƙular ƙasarsa kana ci. Wataƙila ita ce ta toshe maka kai.

Na uku, kuma nan ne gindin maganar. Wata Asabar da hantsi ina tsince wake, kuka yi sallama, kai da babanka da Malam Nura. Babanka ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, kansa a ƙasa. Ya ce ana so a sa kayan wuta a ɗakin nan saboda sanyinsa, ni kuma an gyara mini ɗaki a sabon gini, mai tayil da esi na sanyaya ɗaki da banɗaki a ciki. Me na yi? Na ja mayafi na kare gefen fuskata, na juya wajen bango, na ci gaba da tsintar wake. Ban ce uffan ba.

Duk macen da ta manyanta a Zamfara in ta ga wannan ta san an ce a'a da babbar murya. In da ina so, ai da na dubi faifan da ke hannuna na ce masa, "Allah shi yi albarka," yadda na saba amsa wa babanka ta kan faifai ko kyanwa ko duk abin da ke kusa. Ko wannan ban ce ba. Amma kai mai digiri, kafin a kira azahar ka aika wa duk zuri'a saƙo a waya cewa Inno ta amince. Har da ɗan hoton hannuwa suna tafi. An nuna mini.

A wace makaranta aka koya maka cewa shiruna yarda ce? Shirun budurwa na ji malamai suna magana a kai, ni kuwa na bar budurci tun babanka bai zo duniya ba. Hanyar da aka sani a nan ɗaya ce. In ɗan fari yana son jin ra'ayin uwarsa, sai ya aika 'yar'uwarta ta same ta ita kaɗai, su ɓare goro, su zagaya ta kan rashin lafiyar wance da auren wane, sannan a gangaro kan magana, ta ji ta bakinta ta kai masa. Haka aka yi da za a rushe tsohon rumbu, haka aka yi da zai ƙaro gini ta yamma. Babanka ya san wannan. Kai ne ka zo da sauri da waya a hannu, shi kuma yana ɗokin kayansa, ya bi ka.

Bayan kwana kaɗan na ga gadona mai rumfa a tsakar gida ƙafafu sama, kwallayen jerena a cikin kwalayen da aka zazzage batura. A gaban babanka aka yi, don haka bakina a rufe.

Na huɗu. Yaya Kulu ta Bungudu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ita aka ba wa babanka riƙo ranar da aka yaye shi, a hannunta ya girma. Ita ce bakina a wajensa tun yana saurayi. In indararo ya fashe ita nake faɗa wa, in ina son zuwa Kucheri gaisuwar mutuwa ita nake faɗa wa, kafin kwana biyu an yi. Wannan karon ba a aiko ta ba, ita ma ba ta leƙo ba. Me ya hana ta? A satin ne mota ta kwashi tsohuwar solarmu, farantai da batura da waya da komai, ta sauke a ƙofarta a Bungudu. An toshe mini baki da tsofaffin batura.

Yanzu Yaya Kulu tana da firji. Matar da har bara take jiƙa tsumma ta naɗe tulu, yau ita ce ke aiko mini da ƙanƙara a cikin kula ta hannun direban motar haya, kamar an ce mata Gusau ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba. Ga waya kullum. "Tumba, ƙaƙa zahi? Ni kam nan har zane nika ja da rana. Ɗana ya gama mini komi." Ɗanta! Kuma ba ta tsayawa nan, sai ta ambace shi kai tsaye, ta ja, ta sake ambata, tana jan sa a baki kamar mai tsotsar rake, don ta san ba ni da halin mayar mata. Ni na yi naƙuda a Kucheri, ni na yi wankan jego da tafasasshen ruwa, ita ke shan na sanyi.

In an ce ƙyashi nake yi, awo, ƙyashi nake yi. A rubuta a ajiye. Da ma can ina jin sa kaɗan-kaɗan, tun ranar da na je Bungudu na tarar da shi a cinyarta yana wasa da ɗan kunnenta, ni kuma dole in kau da kai kamar ɗan maƙwabta na gani. Amma wancan na iya haɗiye shi, don ita mutum ce, kuma ta wahala da shi. Na batura ne ya tsaya mini a wuya.

Na biyar. Sabon ɗaki. Ba na ƙarya, yana da kyau a ido. Baƙi in sun zo suna cewa Hajiya an huta. To ga hutun. Tayil ɗin nan in na yi alwala na fito sai na bi bango kamar mai koyon tafiya. Esi in an kunna gwiwoyina su ɗaure, in an kashe siminti ya dafa ni. Kuma ba ni ke kashewa ba. Ashe Malam Nura ya raba wutar gida biyu, akwai layin da ba a taɓawa, na firji da injin ruwa da fankar batura, akwai layin da in hadari ya rufe rana batura suka ji yunwa, inbata take yanke shi da kanta ba shawara. Esina yana kan na biyun. Ka ji ko? A gidan mijina, in abinci ya yi kaɗan, akwati ne yake zaɓar wanda zai haƙura, kuma ni yake zaɓa. Fankar batura kuwa ko sau ɗaya ban ji an ce ta tsaya ba.

Sannan maƙwabcina na jikin bango shi ne sabon janareto. Wannan ba ya jiran a ja masa igiya. Da damina ina tsakiyar sallar la'asar ya tashi da kansa, ba mutum ba inuwar mutum a kusa da shi. Na sallame ban san raka'a nawa na yi ba, na fita ba takalmi ina neman tsari. Matan gida suna ta dariya, wai ai haka yake, in batura sun yi ƙasa su ne suke tashinsa. Wato har bara mai yi musu hidima suke da shi. Ni in ina son ruwan zafi sai na yi ta kira muryata ta dushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taga. Tana kallon katanga. Tun da na koma can, an yi ciki a gidan nan har ya fito ban sani ba sai da na ga ana ɗinkin manyan riguna. An yi yaji an dawo, a bakin mai aiki na ji. Ni, Tumba! Ƙananan jikoki da tattaɓa-kunne da suke faɗowa ɗakina in sun gudo daga duka, yanzu sai an aiko su, su tsaya a ƙofa su ce Inno ina wuni, su ruga. Ba hanyar kowa ba ce. An ajiye ni a wuri mai kyau kamar kwanon da ba a cin abinci a ciki.

Na shida. Wannan ka karanta masa a hankali, kada ka yi irin karatunka na mai tseren keke.

Tun da aka dawo da babanka daga Bungudu, bai taɓa zama a ɗakina ya wuce gaisuwa ba. Ya durƙusa a ƙofa, ina kwana Inna, in amsa wa faifai, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Ban taɓa jin haushi ba, kunya ce, tawa da tasa. Ina jin ƙarar takalminsa ya taho, ina jin ya koma, ya ishe ni.

Yanzu fa? An sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe, makulli yana aljihunsa. Da safe kafin ya tafi ofis ya shiga, da yamma in ya dawo ya shiga. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na fito tsakar gida shan iska, na ga takalmansa a ƙofar ɗakina, an jera su daidai. Na samu turmi na zauna ina jira in ga yaushe zai fito. Inuwar katanga ta taso ta same ni ta wuce, takalma suna nan. Da na gaji na bi ta gefe kamar mai neman tsintsiya, na saci kallo. Yana zaune a kan 'yar kujerata ta tsugunno, wadda kuka manta ba ku fitar ba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jingina da bangon, yana kallon 'yan fitilun batura suna ƙyaftawa kore-kore. Fuskarsa a sake, irin yadda ban taɓa ganinta ba. Ashe ya san daɗin ɗakin. Ashe yana iya zama a cikinsa. Ni ce dai sai da aka fitar.

Ko a wajen cin abinci an ce wayarsa tana gefen kwano, yana duba ko batura sun ƙoshi. Da ya yi tafiya kwanan baya, a gabana ya kira ka, na ji muryarsa ta waya yana cewa, "Sun cika kuwa? Ɗakin bai yi zahi ba?" Sai can a ƙarshe ya ce a gaida mutanen gida. Mutanen gida. A cikinsu nake, ni da mai gadi. Baƙi daga Mada da Tsafe in sun zo, da ɗakina ake fara kai su gaisuwa. Har yanzu can ake fara kai su, su cire takalmi su shiga su yi ta masha Allah, in lokaci ya rage a ce bari a leƙa Hajiya. Farantan kan rufi ma ana hawa a wanke su da tsumma mai laushi, a goge a hankali kamar fuskar jariri.

Ka ce masa ban ce ya rage ni da komai ba. Abinci, sutura, magani, Makka, duk ya yi. Abin da na gani a ƙofar nan ne kawai ban san ana samu ba, sai da na ga an ba wa wasu.

Na bakwai, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya na ga magini a bayan ɗakina da igiyar awo. Na tambaye shi, ya ce kashi na biyu na aiki ne, bayan ƙaramar Sallah za a ƙaro farantai da batura, azara ba za ta ɗauki nauyi ba, don haka za a sauke ɗakin ƙasar gaba ɗaya a zuba na kankare, a sa masa esi. Na sa aka kira ka. Ka zo kana murmushin nan naka na marasa gaskiya, ka ce, "Haba Inno, amaryata, ke da anka kai ɗakin gwamna mi za ki yi da ginin ƙasa?" Na ce in ka sake ce mini amarya sai na fasa maka kai da muciya, auren ya mutu tun ranar da ka aika hoton tafi. Da ka ga da gaske nake, sai ka faɗi abin da babanka ya ce: wai Inna ba ta ce ba ta so ba, in da ba ta so da ta faɗa.

In da ba ta so da ta faɗa. Ta wane baki? Nawa al'ada ta rufe, na aro yana Bungudu yana tauna ƙanƙara.

Ɗakin da aka ba wa batura aro, ana iya karɓowa. Ɗakin da aka rushe ba ya dawowa, don masu irin wannan ginin sun ƙare, wanda ya sa aka yi shi kuma yana kwance a maƙabarta. Shi ya sa ban jira Yaya Kulu ta gama shan sanyinta ba.

Ga buƙatuna, a gabatar wa kwamiti a zamansa na gaba, a karanta da ƙarfi.

A dakatar da magini. Kada a taɓa ko ɓawon bangon nan.

Tunda ashe ana iya sa wa batura esi su rayu, to ga ɗaki nan mai esi da tayil da banɗaki, na ba su kyauta. Ga baransu janareto a jikin bango, sai su yi ta hira. Ban san sha'anin waya ba, in Malam Nura ya ce da wuya, a ce masa furar da ya sha ma ba da sauƙi aka dama ta ba. A mayar mini da gadona da randata da kwallayena kafin azumi, in yi shi inda na saba. Ƙwan fitila ɗaya da fanka ɗaya sun ishe ni, amma a ɗora su a layin da ba a yankewa.

Solar Yaya Kulu a bar mata, ba na so a ce na yi sanadi. A dai gaya mata ta daina aiko da ƙanƙara, kuma kular da ta aiko ta ƙarshe ba zan mayar ba.

Kai kuma Sakatare, ka sake aika saƙo ga duk waɗanda ka aika wa na farko, ka ce Inno ba ta amince ba, ba ta taɓa amincewa ba. In akwai hoton mutum yana kama kunne, ka sa.

Ta ƙarshe ta Shugaba ce shi kaɗai. Ranar da aka kwashe batura, kada a aiko kowa da makulli, ya kawo da kansa. In ya kawo, kujerar tana nan inda ya bar ta. Ya cire hula ya jingina da bango yadda na gani. Ba sai ya ce komai ba, ni ma ba zan ce ba, zan juya wajen bango da wakena. Ya dai zauna gwargwadon yadda yake zama da su.

Allah ya yi wa Shugaban Kwamiti albarka, ya tsare shi a ofis da kan hanya, ya rufa masa asiri duniya da lahira, ya ba shi masu yi masa fiye da yadda yake yi mini. Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Yaya Kulu lafiya, ya kare ta daga mura. Kai kuma Bashir, Allah ya shirye ka, ya ba ka tsawon rai, ya ba ka jikoki masu digiri. Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, ya bar mana zumuncinmu.

Wassalamu alaikum.

Kakarka,
Hajiya Tumba (Inno),
ɗakin kusa da janareto, Tudun Wada, Gusau.

Saura kacici-kacici. A al'ada sai an ba ni gari nake faɗin amsa. Ba na son gari, ɗaki ɗaya nake so, kuma ga amsar tun kafin a ba ni. An ce in faɗa da kaina, to wannan layin kada ka karanta masa, ka miƙa masa takardar ya gani da idonsa, da rubutun hannuna.

Sunan ɗana na fari ne. Sunansa Sanusi.